s3270 da jigilar fayiloli daga menfirem: ra'ayina bayan na yi aiki da shi

A wurin aikinmu masu kula da tsaro sun rufe FTP, hanyar jigilar fayiloli da aka saba, a kan babbar kwamfutar IBM, wato menfirem, ƙofa ɗaya tak suka bari: allon 3270, wanda asalinsa na'ura ce da IBM ta fitar a 1971. Rahotannin da ayyukan dare ke bari sai an shiga TSO, wurin da ake ba menfirem umarni a rubuce, da hannu kowace safiya an jawo su ɗaya bayan ɗaya. Gajiya da wannan ce ta kai ni ga s3270.

Ɗan gidan x3270 ne, wato shirye-shiryen da ke kwaikwayon allon 3270 a kan kwamfutar yau da kullum, kyauta yake, kuma ba shi da taga ko kaɗan. Ka aika masa umarni a rubuce, ya mayar maka da amsa a rubuce, ya rufe da ok ko error. Saboda haka Python ko bash suna tuƙa shi ba tare da wata wahala ba. Saukewar kanta layi ɗaya ce, Transfer, inda za ka faɗi sunan fayil a can da sunan da kake so a nan. A ƙarƙashi yana kiran IND$FILE, tsohon shirin da ke zaune a menfirem ɗin. Wannan ɓangaren bai taɓa ba ni ciwon kai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne jira. Mutum yana da ido, yana ganin allo bai gama zuwa ba sai ya dakata. Shirin kwamfuta kuwa makaho ne. Akwai umarnin Wait(InputField), mai jira sai allo ya shirya karɓar rubutu, amma TSO yakan turo saƙonninsa gutsi-gutsi, madannai su buɗe alhali bai gama magana ba. Wani lokaci kuma ya tsaya da taurari uku, ***, yana jiran a danna Enter saboda wata sanarwa da masu kula da na'ura suka liƙa. Ranar da hakan ta faru, umarnin saukewa sai ya faɗa inda ba muhallinsa ba. Abin da ya fisshe ni shi ne karanta allon da Ascii() bayan kowane mataki, ba na motsawa sai na ga kalmar READY, alamar TSO ya shirya karɓar umarni. In kuma shirin ya mutu a tsakiya bai yi LOGOFF ba, TSO yana riƙe da zaman, gwaji na gaba a ce maka wai kana ciki. Dole a tanadi fita ko da komai ya lalace.

Sai batun haruffa. Menfirem da tsarin haruffa na EBCDIC take rubutu, mu da ASCII. Rahoton rubutu zalla yana saukowa lafiya da mode=ascii, muddin shafin haruffa ya dace; shafuka 037 da 1047 sun saɓa a wurin baka mai kusurwa, wato [ da ], wanda ke saukar da lambar shiri zai gane haka nan take. Amma fayil mai adadin kuɗi da shirin COBOL ya matse a COMP-3, wato tsarin matse lambobi da ba rubutu ba, fassara tana dagula shi shiru, ba ƙorafi, ba komai, ok za ka gani. Irin wannan sai mode=binary, kuma in tsawon layukansa ba ɗaya ba ne, iyakokin layukan sukan ɓace a hanya. Ba laifin s3270 ba ne, haka hanyar take, amma ba zai gargaɗe ka ba.

Gudu dai sai haƙuri. Ƙara buffersize, wato girman gutsuren da ake turowa a lokaci ɗaya, yana taimakawa sosai, duk da haka hanya ce da aka gina don allo mai layi 24 da harafi 80, ba don manyan kaya ba.

Kalmar sirri kada ta kwana cikin rubutun shirin, kuma a sa L: gaban sunan na'ura domin haɗin ya bi ta TLS, hanyar da ke sirranta bayanai.

Ga ƙananan rahotanni na kullum, na yaba da shi kuma har yanzu shi ke yi mini aikin. Wanda aka buɗe wa z/OSMF, ƙofar yanar gizo ta menfirem, a wurinsa, ya gwada shirin Zowe CLI tukuna, don shi ba ruwansa da karanta allo.