Linzamin laftof: duba tayar tsakiya kafin ka biya

Duk wanda ya taɓa karanta takardar PDF mai shafi 200 a laftof, ko ya wuni yana bin dogon jadawalin Excel, ya san wahalar jan shafi da yatsu biyu a faifan shafawa, wato touchpad. Kafin la'asar wuyan hannu ya yi tsami. Shi ya sa ake sayen linzami, wato maus. Sai dai yawancinmu launi da farashi muke dubawa, mu manta da 'yar tayar nan ta tsakiya, alhali ita ce ke fara kawo matsala.

A cikin linzami mai araha akwai wasu siraran ƙarafa da ke gogar juna suna ƙirga juyin tayar. Da ƙurar hunturu ta samu shiga, sai ka ga kana gangarawa ƙasa, shafin na zabura sama. Guda biyu na yi asara a haka, babu wanda ya kai wata shida. Waɗanda ke ƙirga juyin da haske ba su da ƙarfen da zai cinye, don haka sun fi daɗewa.

Idan kana da teburin da kake zama, mai igiya ya ishe ka, irin su Logitech B100 ko M90. Babu batir, babu saiti, ka soka kawai ya kama aiki. Ni shi nake fara nuna wa ɗalibi.

Marar igiya mai ɗan risiba, wato 'yar na'urar da ake sokawa a ƙofar USB, kamar Logitech M185, batir AA ɗaya yake ci, kuma kamfanin ya ce yana kai kusan shekara. Ya fi daɗin yawo, amma risibar ba ta fi farce girma ba, ɓatanta ba wuya. Sannan in ka soka ta kusa da filashi a ƙofar USB 3.0, mai shuɗin cikin nan, tana iya sa tayar ta riƙa sarƙewa. Mayar da ita ɗaya gefen, sau da yawa shi ke nan.

Na Bluetooth kuwa ya dace da laftof da ƙofofin USB-C kaɗai gare ta, kamar MacBook Air tun daga 2018. Aibinsa, yakan yi barci, sai ka motsa shi ya farka. Akwai kuma MX Master 3 na 2019, wanda tayarsa ke aiki da maganaɗisu, tana iya wuce layi 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Abin sha'awa ne, amma kuɗinsa sai wanda kwamfuta ce gonarsa.

Wani lokacin ba laifin linzamin ba ne. Windows na zuwa da saitin layi 3 a kowane taku na tayar, kana iya ƙarawa a saitunan linzami. A saitunan faifan shafawa kuma akwai inda za ka sa ya mutu da zarar an haɗa linzami, kada tafin hannunka ya riƙa ja maka shafi. A Mac, in ka juya alƙiblar tayar, ta faifan ma ta juya, saiti ɗaya ne.

Ranar saye, ko a Farm Centre ta Kano ne ko wani shagon unguwa, tafi da laftof ɗinka, domin jabu sun yi yawa. Buɗe doguwar takarda, ka murza tayar a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya, ƙasa da sama, sannan ka danna ta. In shafin ya zabura ko sau ɗaya, ce wa mai shago ya ba ka wani.