Scythe ko The Giver: wanne za a fara ba ɗan shekara 13?

'Yar uwa, kin tambayi wanda za ki fara saya wa ƙaninki mai shekara 13, tsakanin Scythe na Neal Shusterman da The Giver na Lois Lowry. Duka biyun labarin al'umma ce da ta ƙayyade yawan mutanenta ta hanyar kisa. Inda suka rabu shi ne yadda ake kisan.

A Scythe, wanda ya fito a 2016, an gama da cuta da tsufa. Ko mota ta take mutum, farfaɗo da shi ake yi. Kwamfuta mai suna Thunderhead ke tafiyar da duniya, amma ba ruwanta da ɗaukar rai. Wannan aikin wasu zaɓaɓɓun mutane ne masu dogayen riguna, kowanne da rai 260 a shekara, kuma a bainar jama'a suke yi. Iyalan mamacin sukan sumbaci zoben wanda ya kashe musu ɗan uwa, su sami kariya ta shekara guda. Matasa biyu, Citra da Rowan, suna koyon aikin a hannun Faraday, wanda abin ke ci wa rai, ga kuma Goddard da ke jin daɗin kashe taro. Mu da muka tashi da sanin ajali na Allah ne, ganin ɗan Adam ya ɗauki aikin Mala'ikan mutuwa kaɗai ya isa a yi dogon zama da yaro.

The Giver na 1993 ƙarami ne, babu batun rayuwa marar mutuwa. Jarirai 50 ake haifa a shekara, kowane gida ɗa namiji ɗaya da 'ya mace ɗaya. Tsoho ko jaririn da bai yi ƙwari ba, sai a ce an sallame shi. Jonas, ɗan shekara 12, bai san ma'anar sallamar ba sai ranar da ya ga mahaifinsa ya yi wa ƙaramin tagwaye allurar kisa yana masa wasa. Wannan wurin ya fi duk jinin Scythe tayar min da hankali, don mahaifin ko kusa bai ɗauka laifi yake yi ba.

Ki fara masa da The Giver, Turancinsa ma ya fi sauƙi. Scythe ya jira yaron ya kai 15, kuma ki shirya kuɗin littafi uku, don Thunderhead da The Toll na biye da shi.