Kafin ka sayi sabar ajiya, tambayi yadda za ka gane faifan da ya mutu

Yawancin masu sayen sabar ajiya, wato kwamfutar da ke adana bayanai a kan faifai da yawa, abu biyu suke tambayar mai kaya: faifai nawa take ɗauka, kuma nawa ne kuɗinta. Ni tambayata ta farko daban ce: ranar da ɗaya cikin faifai takwas ya mutu, ta yaya zan san wanda zan zare?

A tsarin RAID 5, wanda ke haɗa faifai da yawa su yi aiki tamkar ɗaya, faifai ɗaya kacal zai iya faɗuwa aiki ya ci gaba. Ka zare lafiyayye bisa kuskure alhali mataccen na ciki, biyu ke nan sun fita, komai ya tsaya cak. Na taɓa durƙusawa gaban wani akwati a wani ofis, fitilar waya a hannu, faifai shida iri ɗaya sun yi butu-butu da ƙura, allo yana cewa sdc ya lalace. Babu ko ɗaya da aka rubuta wa sdc a jiki. Sunayen nan, sda, sdb, sdc, Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, shi ne ke raba su bisa yadda ya tarar da faifan lokacin tashi, kuma suna iya sauyawa idan aka sake kunna na'ura. Ba lalle na uku daga sama ya zama sdc ba.

Wanda ya fi kwantar mini da hankali shi ne tsohuwar sabar kamfani, wadda ake samu ta hannu. Dell PowerEdge R730xd, alal misali, akwai mai ɗaukar manyan faifai 12 a gaba, kowanne da aljihunsa, da lambarsa, da fitilunsa. Faifai ya mutu, fitilarsa ta koma ruwan goro tana ƙyaftawa, shafin iDRAC, wato shafin sa ido kan sabar Dell, kuma ya faɗa maka lambar aljihun. HP ProLiant daga Gen8 zuwa sama sun ƙara wani abu da nake matuƙar so: farar fitila da ke kamawa a kan faifan da bai kamata a taɓa ba, wato wanda cire shi zai rusa tsarin. Sai dai waɗannan injuna suna da ƙara, suna shan wuta, kuma mai dogaro da inbata ko janareta zai ji a jikinsa. Ka kuma ƙirga aljihunan kafin ka biya, domin sau da yawa ana sayar da sabar da marufan roba kawai a inda ya kamata a sami ainihin abin ɗaura faifai.

Ƙananan akwatunan ajiya na Synology ko QNAP ba su da wata wahala. Manhajarsu na nuna lambar gurbin, fitilar gurbin ta sauya launi, shi ke nan. Ga ofis mai faifai biyu zuwa huɗu, wanda ba shi da masani a kusa, su nake ba da shawara, ko da yake kuɗin kowane gurbi ya fi tsada.

Inda mutane suka fi shiga uku shi ne haɗin gida. Mutum ya sayi katin haɗa faifai da kwamfuta irin LSI 9211-8i da akwati mai aljihunai, ya ga fitilu a gaba, ya ɗauka ya gama. Yawancin masu arha fitilar wuta da ta motsin karatu kawai gare su, ba su da ta nuna lalacewa. Don ka iya kunna fitilar faifan da ka zaɓa, dole allon da ke bayan aljihunan ya san SGPIO ko SES, wato hanyoyin aika saƙo zuwa fitilun, wayar da ta haɗa shi da katin ma ta ɗauki wannan saƙon. Idan haka ta samu, umarnin ledctl locate=/dev/sdc kan iya sa fitilar ta kama. Akwatunan Supermicro da yawa suna yi. Kada ka yarda da bakin mai sayarwa a nan, ka sa a kunna a gwada a gabanka, aljihu bayan aljihu.

Idan ƙarfinka bai wuce akwatin kwamfuta na yau da kullum ba, ba laifi, amma ka haɗa da tef ɗin takarda da alƙalamin maka. Kowane faifai yana da lambar siriyal da ba ta sauyawa. Tun ranar haɗawa, ka rubuta haruffa huɗu ko biyar na ƙarshenta a gefen da ido ke gani, ka manna jerin a cikin murfi. Umarnin lsblk -o NAME,SERIAL zai nuna maka wane suna ke kan wace lamba. Faifan da ya mutu murus yakan ɓace daga jerin gaba ɗaya, ko smartctl, umarnin duba lafiyar faifai, ba zai iya karanta shi ba, don haka sai ka bi masu rai ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rage a takardarka shi ne. A irin wannan akwatin, kashe na'urar tukuna kafin ka sa hannu.

Duk wanda ka zaɓa, idan faifan sun kai shida, ka ware kuɗin ƙarin guda ɗaya ka yi RAID 6 ko RAIDZ2, masu jure faɗuwar biyu.