Agajin Lalacewar Mota da Ɗauke Mota Bayan Hatsari: Ina Suka Rabu?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi mota a Birtaniya, ka yi mata inshora, sannan ka yi rajista da ɗaya daga cikin kamfanonin da ke kai wa direba ɗauki idan motarsa ta lalace a hanya, kuma kana son sanin ko wannan rajistar za ta ɗauke maka nauyin janye motar idan, Allah Ya kiyaye, hatsari ya auku. Amsar ita ce galibi ba za ta ɗauke ba, domin ayyuka biyu ne daban, ko da yake a duka biyun motar janwe ake gani ta zo ta tafi da motar mutum. Abin da ya raba su shi ne dalilin tsayuwar motar, wato ko ita ce ta mutu da kanta, ko kuwa wani abu ne ya buge ta ko ta buge shi, kuma wannan dalilin ne ke nuna wanda za ka kira da wanda zai biya.

Agajin lalacewa yarjejeniya ce da kake biyan kuɗinta wata-wata ko shekara-shekara, kuma doka ba ta tilasta wa kowa yin ta ba. Manyan masu wannan aiki a ƙasar sun daɗe: an kafa RAC a 1897, AA a 1905, kamfanin da yanzu ake kira Green Flag kuma ya fara a 1971. Abin da suka yi alkawarin magancewa shi ne ciwon da ya taso daga jikin motar, irin su batir da ya yi sanyi, tayar da ta yi faci, injin da ya ɗau zafi, ko kulocin da ya ƙone, sai kuma ƙananan kurakuran direba kamar ƙarewar mai ko kulle makulli a ciki. Wanda zai zo maka bakanike ne, kuma burinsa na farko shi ne ka ci gaba da tafiyarka a cikin motarka. Zai buɗe gaban motar, ya ɗora na'urar awo a kan batirin, ya haɗa wayoyi ya tayar da ita, ko ya kwance tayar ya ɗaura safaya. Sai gyaran ya gagara a wurin ne yake ja, kuma a mafi ƙanƙantar yarjejeniya garejin da ke kusa kaɗai zai kai ka, wanda wasu kamfanoni suka iyakance da kimanin mil 10. Idan kana son a kai ka har garinku, ko a zo maka lokacin da motar ta ƙi tashi a ƙofar gida, ko a ba ka motar haya da wurin kwana, kowanne ƙari ne da kuɗinsa. Batun ƙofar gida yana ba mutane mamaki, domin yarjejeniyar gefen hanya yawanci ba ta fara aiki sai motar ta yi nisan da ya wuce kwatan mil daga gida. Kuɗin kayan gyara da na garejin ma galibi a kanka suke.

Ɗauke mota bayan hatsari kuwa ba ruwansa da gyara a wurin. Motar da ta yi karo, tayarta ta gaba ta lanƙwashe ta shige ciki, ruwan lagireto yana zuba a kwalta, jakar iskar sitiyari ta fashe, ba a tayar da ita kuma ba a jan ta da ƙafafunta a ƙasa. Ana zuwa da babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya, a sauko da bayan, a ɗaura igiyar ƙarfe a janyo ta sama a hankali, idan kuma ta kife ko ta faɗa rami sai an kawo injin ɗagawa. Daga nan sai filin ajiya ko garejin da kamfanin inshora ya amince da shi, inda mai ƙiyasta ɓarna zai duba ya ce ko za ta gyaru ko kuwa kuɗin gyaran ya wuce darajarta. Tun daga 2017 ana sa motocin da aka yanke musu wannan hukunci a rukuni huɗu, A da B da S da N, kuma na rukunin A da B ba sa sake hawa titi. Saboda haka ɗaukewar mataki ne na farko a cikin neman diyya, shi ya sa take ƙarƙashin inshorar mota.

A wurin biyan kuɗi ne bambancin ya fi yin ciwo, don haka zan ɗan tsaya a kai. Dokar zirga-zirga ta 1988 ta wajabta wa kowane direba inshora, amma mafi ƙarancin abin da ta nema shi ne wadda ke biyan mutumin da ka yi wa ɓarna. Idan irin wannan kake da ita kuma laifin naka ne, babu mai ɗauke taka motar sai aljihunka. Idan cikakkiyar inshora ce, kamfanin ne yawanci ke shirya ɗaukewar ya kuma biya, amma za ka fitar da kason da kuka yi yarjejeniya tun farko cewa kai ne za ka riƙa biya a kowace diyya, kuma rangwamen da ake yi wa direban da bai nemi diyya ba zai iya raguwa. Idan ɗayan direban ne mai laifi, ana karɓo kuɗin daga kamfanin inshorarsa, sai dai hakan kan ɗauki lokaci. Kiran masu agajin lalacewa kuwa ba ya taɓa wannan rangwamen, domin ba neman diyya ba ne.

Akwai kuma hali na uku da bai rataya a kan zaɓinka ba. Idan motar ta tare hanya ko ta zama haɗari ga jama'a, 'yan sanda suna da ikon kiran ɗan kwangilarsu ya ɗauke ta ba tare da jiran wanda ka kira ba, kuma doka ce ta yanke kuɗin. A Ingila da Wales, bayan ƙarin da aka yi a 2023, ƙaramar motar da ke tsaye a kan titi ba tare da mummunar ɓarna ba fam 192 ce, ajiya kuma fam 26 a kowace rana, kuɗin ɗaukewar yana ƙaruwa idan motar ta ragargaje ko ta bar titi. Wannan kuɗin ajiyar ne ya sa nake jan kunnen mutane su sanar da kamfanin inshora a ranar, domin kwana goma na jinkiri sun zama fam 260.

Gaskiya ne wasu kamfanonin agajin lalacewa suna amsa kiran hatsari, amma abin da suka fi yi shi ne su haɗa ka da wani sashe da zai nemi kuɗin daga inshora, ko su ɗauke motar su caje ka daban. Sannan akwai al'amuran da ke kan iyaka. Ramin titi da ya fasa taya kaɗai, masu agajin lalacewa kan karɓe shi, amma idan ya karya ƙafar motar ya zama ɓarna ta inshora. Birkin da ya tsinke har ka daki bango ya fara a matsayin lalacewa ya ƙare a matsayin hatsari, kuma da ƙarshen ake hukunci. Motar da ta shiga ambaliya ko ta kafe a taɓo sau da yawa tana buƙatar kayan aiki na musamman waɗanda yarjejeniyar ba ta ƙunsa ba. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne, domin inshora ba ta biyan tsufan kayan mota ko bugawar inji, saboda haka duk cikar inshorarka ba za ta turo maka bakanike ba idan batir ya mutu, sai fa in ka ƙara agajin lalacewa a kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne kamfanonin da ke kiran direba bayan hatsari suna yi masa tayin ɗaukewa da motar haya, suna cewa ba zai biya ko sisi ba tunda ba shi da laifi. Wasunsu na ƙwarai ne, amma takardar da za ka sa wa hannu sau da yawa ta bashi ce, kuma idan kamfanin ɗayan direban ya ƙi biya, kai za a iya waiwaya. Lambar da ke kan takardar inshorarka ita za ka kira, kada ka dogara da wadda ta fara fitowa a binciken intanet.

Shawarata ita ce ka ɗauko takardun biyu yau ka karanta. A ta agajin lalacewa ka nemi abin da ta ce game da hatsari, da nisan da za a ja ka, da ko motar aka yi wa rajista ko kai kanka, domin idan kai kanka aka yi wa rajistar, tana bin ka duk motar da ka shiga. Ka kuma duba ko asusun bankinka ko kamfanin da ya ƙera motar ya riga ya ba ka wannan agajin, don kada ka biya sau biyu. A ta inshora ka tabbatar da nau'inta, da kason da ke kanka, da inda za a kai motar. Idan hatsarin ya faru, doka ta ce ka tsaya ka ba da sunanka da adireshinka da lambar motar, in kuma hakan bai yiwu ba ka kai rahoto ga 'yan sanda cikin awa 24, idan akwai wanda ya ji rauni ko motar ta tsaya a tsakiyar babbar hanya kuwa, lambar gaggawa ta 999 za ka fara kira kafin kowane kamfani.