A buɗe da rabin ciniki ko a rufe gaba ɗaya?

Lokacin korona kamfanin Disney ya ɗanɗana duka biyun a Amurka. Wurin wasansu na Florida, Disney World, an rufe shi a Maris 2020 amma zuwa 11 ga Yuli har sun sake buɗewa, sai dai fa buɗewar jeka-na-yi-ka ce, kashi 25 cikin ɗari na mutanen da wurin ke iya ɗauka kawai ake bari su shiga, kowa da takunkumi, ana auna zafin jiki a get, ba fareti ba wasan wuta da daddare, ga kuɗin lantarki da gyaran injina da albashi duk suna nan ba su ragu ba.

Na California kuwa, Disneyland, gwamnatin jihar ce ta ce atafau, ya zauna a kulle fiye da shekara sai 30 ga Afrilu 2021. Har filin fakin ɗinsu aka mayar wurin allurar rigakafi.

Ni dai gara na Florida gaskiya, ko ba riba ma'aikaci na fitowa aiki, da hanau gara mannau. Amma fa bai hana sallama ba, a Satumba 2020 kamfanin ya ce zai sallami mutum 28,000, yawancinsu waɗanda ba cikakken lokaci suke aiki ba, kuma har 'yan Florida ɗin abin ya shafa.