Princess Mononoke: fim na ƙwarai, amma kwafin filas ya cuce shi

Fim ɗin ya fi ƙarfin abin da na zata. Abin da ya ɓata mini rai shi ne kwafin da ake turawa a filas, wanda mai sayarwa ya rantse yana ɗauke da muryar Japananci da fassarar asali. A kan wannan kwafin zan fi tsayawa, don kada wani ya zuba kuɗinsa a banza.

Hayao Miyazaki ne ya shirya shi a kamfanin Studio Ghibli, ya fito a Japan ranar 12 ga Yuli 1997, tsawonsa minti 133. Labarin ya faru a zamanin Muromachi. Ashitaka, yariman ƙabilar Emishi, ya harbe wani ƙaton aladen daji mai suna Nago da ya rikiɗe ya zama annoba, tsinuwar ta kama hannunsa na dama. A cikin mushen aka tsinci dunƙulen ƙarfe, wato harsashi. Ya nausa yamma neman inda ƙarfen ya fito, ya faɗa tsakanin garin maƙera na Eboshi da San, yarinyar da kyarkeci ta raina a daji.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka san aikin ƙarfe. Tamar Japan ba dutse ba ce, baƙin yashi ce. Sai an rushe gefen tsauni, an tura ƙasar cikin magudanar ruwa, yashin mai nauyi ya kwanta, laka ta gangara ta lalata gonakin shinkafar mutanen ƙasa. Sannan ga gawayi. A Okuizumo da ke lardin Shimane, inda har yau ake hura tanderun yumɓu irin na tatara, zubi ɗaya yakan ɗauki kwana uku, ya ci kusan tan 10 na yashi da tan 12 na gawayi, a samu dunƙule na kimanin tan biyu da rabi. Duk wanda ya lissafa wannan ya san garin Eboshi ba zai rayu ba sai dajin ya faɗi. Ga mata suna taka zugazugi da ƙafa kwana huɗu a jere, matan da Eboshi ta fanso daga gidajen karuwai. Ga kutare da ta ba mafaka da sana'ar ƙera bindiga, tana zama da su ba ƙyama. Matar da take kashe daji ita ce uwar marasa galihu, kuma fim ɗin bai ba mai kallo damar tsanarta ba.

To, kwafin. Muryar Japananci tana nan, wannan gaskiya ne. Amma rubutun da ke fitowa a ƙasan allo ba fassarar abin da ake faɗa ba ne, maganganun da aka ɗora da Turanci a 1999 ne aka kwafe aka manna. Waɗannan an tsara su ne don su dace da motsin baki da kunnen Ba'amurke, shi ya sa aka sauya kalmomi, aka ƙara bayani. Sai ka ga rubutu ya fito alhali babu mai magana, ko mutum ya faɗi kalma biyu a rubuta jimla guda. Giyar shinkafar Japan da ake kira saké ta koma giyar inabi.

Wannan duk da sauƙi. Babbar ɓarnar tana wurin Kaya, wata yarinyar garin su Ashitaka, cikin minti goma sha biyar na farko. Daren da Ashitaka zai bar gari, bayan ya yanke tukkun gashinsa, alamar ya mutu a wurin mutanensa, Kaya ta karya doka ta tare shi ta miƙa masa 'yar wuƙarta ta dutse mai sheƙi. A Japananci tana kiransa anisama, kamar yadda budurwa take ce wa wanda aka yi mata baiko da shi Yaya, kuma Miyazaki ya bayyana cewa ita ce wadda zai aura. Rubutun Turancin kuwa sai ya sa ta kira kanta ƙanwarsa kai tsaye. Daga nan wuƙar ta zama tsarabar 'yan'uwantaka. Can gaba, lokacin da Ashitaka ya aika wa San wannan wuƙar ta hannun ɗan kyarkeci, mai karanta wancan rubutun ba zai ji nauyin abin ba, ba zai san cewa alƙawarin aure ne mutum ya cire daga wuyansa ya ba wata ba. Kalma ɗaya ta zubar da wannan duka, kuma shi ya fi ƙona mini rai.

Kamar hakan bai isa ba, rubutun ba ya tafiya tare da murya. Dalilin a fili yake. An daidaita shi da faifan Turai mai hoto 25 a daƙiƙa, aka ɗora a kan bidiyo mai 23.976. Bambancin ya kai kashi 4 cikin 100, wato rubutu yana yin gaba da kusan daƙiƙa biyu da rabi a kowane minti. Bayan awa ɗaya ya tsere wa magana da minti biyu da rabi. Maɓallan G da H na VLC a kwamfuta ba su warkar da wannan, domin suna matsar da rubutun gaba ɗaya ne, ka gyara nan can ya goce. Maganinsa a buɗe fayil ɗin rubutun a manhajar Subtitle Edit a sauya shi daga 25 zuwa 23.976, amma ko an yi hakan maganganun da ba na asali ba suna nan.

Hoton ma an matse shi. Fim ne da aka zana da hannu, zane kusan 144,000, aka cusa shi a fayil da bai kai megabait 700 ba. Inda motsi ya yi yawa, kamar tsutsotsin da suka lulluɓe Nago, hoton yana farfashewa murabba'i-murabba'i. Da dare, lokacin da uban dajin, wato ruhun nan mai siffar barewa, yake miƙewa ya zama ƙaton mai yawon dare, shuɗin sama ya rabu layi-layi, fararen kodama, ƙananan aljanun daji da ke kan bishiyoyi, suka zama ɗigo-ɗigo. Dajin nan da aka ɗauko siffarsa daga tsibirin Yakushima, mai gansakuka a kan kowane dutse, ya koma kore ɗaya shafe.

Kada a kuskura a koma muryar Turanci don gudun wahala. Moro, uwar kyarketai, namiji ne ya yi muryarta a asali, Akihiro Miwa, murya mai kauri da ke sa tsigar jiki ta tashi idan ta yi dariya. A Turanci mace ce, kuma kwarjinin ya ragu sosai.

Da na ce fim ɗin ya fi ƙarfin zato, ban ce ba shi da aibi ba. Asano, basaraken da mayaƙansa suka kewaye garin maƙera, ba a taɓa nuna fuskarsa ba, ga kuma Jigo, mai farautar kan uban dajin, da mafarautansa masu takardar sarki, sai ɓangarori suka yi wa mai kallon farko yawa a rabin ƙarshe. Tsiron da ya rufe tsaunuka bayan halaka ma ya zo da sauri, ko da yake San ta faɗi gaskiya cewa ba dajin da ba ne. Kuma ba na ƙananan yara ba ne ko kaɗan: kibiyar Ashitaka tana cire hannu, tana cire kai.

Tun 2020 finafinan Ghibli suna kan Netflix a wajen Amurka da Japan, kuma akwai faifan Blu-ray na asali. Wanda ya nace sai filas, ya sa a buɗe masa a shagon tun kafin ya biya. Ya duba wurin Kaya, ya tsallaka zuwa awa ɗaya ya ga ko rubutu na bin murya, sannan ya leƙa wani wurin dare. Nawa ya faɗi duka ukun, kuma ba zan ƙara saye a wannan hannun ba.