Sharhi a kan gyaran na'urar naɗe babban filafilin jirginmu a Hambul

Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi jirgin ruwa mai filafili, tsawonsa ƙafa 36, muna ajiye shi a kogin Hambul da ke kudancin Ingila. Babban filafilinsa irin wanda ake naɗewa a cikin jigo ne, wato doguwar sandar da ke tsaye a kan jirgin tana ɗauke da filafili. Akwai bututun alminiyam tsaye a cikin jigon, idan aka ja igiya sai giyar da ke ƙasa ta juya bututun, ƙyallen ya shige ta wata siririyar tsaga yana naɗuwa kamar tabarma. Shekara biyu muna amfani da shi ba mu taɓa kai shi gyara ba, har ya fara nauyi a hannu, don haka a watan Maris muka ba wani shagon masu gyaran jigo da igiyoyi aikin duba na'urar gaba ɗaya.

Ranar da muka karɓi jirgin na yaba musu ƙwarai. Sun wanke giyar ƙasa sun sa mata sabon giris, sun ɗaure wayoyin da ke riƙe da jigo, kuma a takardar kuɗinsu an rubuta ɓaro-ɓaro cewa an duba majuyin da ke can saman bututu, wato ƙarfen da ke barin saman ya juya. Muka gwada a bakin gaɓa, babu iska ko kaɗan, filafili ya fita ya koma sumul. Har na gaya wa maƙwabcinmu a matsaya ya kai musu nasa.

A watan Yuni ne asirin aikin ya tonu. Mun taso daga Kawis a tsibirin Wayit da yamma za mu koma gida, iska tana kaɗawa daga kudu maso yamma, kafin mu yi nisa ta ƙaru ta kai mataki na 6 a ma'aunin ƙarfin iska na Bofot. Na ce da abokina, "Likita, mu rage filafili." Ya sassauta igiyar da ke jan ƙyallen waje, ni kuma na kama winci, wato na'urar jan igiya da ake juyawa da hannu, ina naɗewa. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya shiga, sai hannun wincin ya cije. Na ƙara ƙarfi, wanda daga baya na gane shi ne babban kuskurena, domin ninkin da ya toshe tsagar ƙara cusa shi na yi. Muka nemi mu jawo shi waje, ya ƙi. Wanda bai taɓa amfani da irin wannan jigo ba zai ce a saki igiyar ɗagawa filafili ya sauko, to ba ya saukowa, tunda a nannaɗe yake a jikin bututu. Haka muka tsaya da ragowar ƙyalle yana faɗa da iska, ƙararsa kamar ana harbin bindiga, a daidai wurin da manyan jiragen kaya masu zuwa Sawthamton suke shan kwana kusa da tudun yashin Burambul. Dokar wurin ta hana ƙaramin jirgi shiga cikin mita 1,000 a gaban duk jirgin da tsawonsa ya wuce mita 150, da mita 100 a kowane gefensa, ga kuma wani dankareren jirgin kwantena yana tahowa. Na tayar da inji muka juya da ƙyar, muka lallaɓa zuwa mashigin Osbon inda tudu ke kare iskar, muka jefa anga. Ban taɓa jin bakina ya bushe irin na wannan yammacin ba.

Likita ya fi ni rashin nauyi, shi muka ɗaura a kujerar igiya muka ja shi sama. Sa'a biyu yana zaro ƙyallen daga tsaga da yatsunsa, taƙi bayan taƙi, ni ina jan igiya daga ƙasa, har farcensa biyu suka fashe. Da ya kai ƙoli ya ɗauko hoton majuyin da aka ce an duba. Gishiri ya yi masa fari fat, ya daskare a kan boris, ko alamar yatsa babu a jikinsa. Aikin da yake bukata bai wuce a watsa masa ruwan famfo a juya shi, a ɗiga masa man da ya dace ba, amma sai mutum ya hau tukuna, kuma babu wanda ya hau.

Washegari na je shagon a fusace. A nan ne fushina ya ɗan sauka, domin dattijon da ke da wurin bai yi mini gardama ba. Ya ajiye abin da yake yi ya biyo ni har jirgi, ya hau jigon da kansa, ya sauko ya ce yaronsa bai yi aikin sama ba, kuma an ɗaure wayar baya fiye da kima har jigon ya lanƙwasa, alhali bututun da ke cikinsa miƙaƙƙe ne, dole ya riƙa gogar bango. Ya gyara duka biyun bai karɓi ko kwabo ba. Sannan ya nuna mini namu laifin, kuma ban ji daɗi ba amma gaskiya ya faɗa. Likita ya saki igiyar ja gaba ɗaya, maimakon ya riƙe ta da ɗan ƙarfi don naɗin ya matse. Sandar kwance da ke riƙe da gindin filafilin ta yi ƙasa da yawa, sai gefen bayan filafilin ya ɗame, gindinsa ya yi sako-sako, ninki ya taru. Kuma a jigonmu naɗi ya fi sauƙi idan iska tana bugowa daga dama, mu kuwa daga hagu take zuwa mana, ƙyallen yana gogar leɓen tsaga. Daga ƙarshe ya shimfiɗa hannu a tsakiyar filafilin ya ce ya tsufa, ya yi tumbi, kuma ƙyalle mai tumbi ba ya naɗuwa daidai kome kyawun na'ura. Na koma gida ina ganin mutumin kirki ne wanda yaronsa ya ba shi kunya.

Sai da na kwana biyu tunanin ya dawo mini. Wannan filafili mai tumbi su suka mayar da shi jikin bututu a watan Maris, da hannunsu. Me ya hana su faɗa a lokacin? Kusurwar sandar kwance da dattijon ya koya mini cikin minti biyar, me ya sa ba a koya mana ranar da muka biya kuɗi ba? Da na kai filafilin wajen maɗinki, ya nuna mini yagewa mai tsawon kamu uku a gefen baya, inda iska ta yi ta kaɗa shi. Na aika wa shagon takardar kuɗin ɗinkin, suka amsa cikin ladabi cewa wannan ɓarnar tsufa ce, ba tasu ba. Ladabin nasu ya fi ba ni haushi. Ƙyallen ya tsufa, na yarda, amma ya shekara biyu a hannunmu bai yage ba sai ranar da majuyin da aka caje mu kuɗin dubawa ya ƙi juyawa. Na kuma lura igiyar naɗewa, wadda ta yi gashi a inda take bi ta giya, tana nan yadda take, ba su ce mana kome a kanta ba.

Na'urar tana aiki lafiya tun daga lokacin. Na sa alamar tef a igiyar da ke ɗaga sandar kwance, ina wanke giyar ƙasa da tiyo duk lokacin da muka dawo, ina fesa man sulɓi na Sailkote a leɓen tsagar. Maƙwabcin da na tura musu na je na same shi na janye maganata. Idan hunturu ya zo wataƙila mu sake ba su giyar ƙasa, don wannan sun iya ta, amma ranar da za su hau jigo zan ɗauki hutu a wurin aiki in tsaya a gindinsa ina kallo.